A Ingila ba a tambayar shekarunka a takardar neman aiki

Yaya, gaisuwa mai yawa. Ka ce in ba ka labarin shaguna da hidimar ƙasar nan. Kayan ba su ba ni mamaki ba, da yawansu daga Sin suke kamar namu. Masu sayar da su ne suka tsaya mini a rai.

A B&Q, inda ake sayar da kayan gini da na gyaran gida, na kai kan famfo da ke yoyo zan sayi sabo. Wani dattijo mai furfura ya karɓa, ya jujjuya shi, ya ce robar ciki ce kawai ta cinye, ya ɗauko mini ita. Da ganin yadda ya kwance shi ka san tsohon hannu ne. Kamfanin ya daɗe da wannan hali, tun 1989 ya buɗe shago a Macclesfield wanda duk ma'aikatansa sun haura 50. Haka a bas da asibiti, za ka ga mai jikoki da ɗan shekara 20 suna aiki tare, wannan ya san na'ura, wancan ya san mutane.

Doka ce ta tsaya musu. Dokar daidaito ta 2010 ta hana nuna bambanci saboda shekaru, kuma tun 2011 ba a sallamar ma'aikaci don kawai ya kai 65, sai da hujja mai ƙarfi. Takardar neman aiki ba a sa mata ranar haihuwa, balle hoto.

Nan ne raina ke ɓaci idan na tuna gida. Talla ta fito, an ce kada mai nema ya wuce 26 ko 27. Yaron da yajin aikin ASUU na 2022 ya cinye masa wata takwas, ya jira bautar ƙasa, ya yi shekara biyu yana yawo da takardu, ina laifinsa? Shi ya sa ake tururuwa kotu ana rantsuwar rage shekaru, mu da kanmu muke koya wa yara ƙarya. A ɗaya gefen kuma ma'aikacin gwamnati ya kai 60 ko ya cika shekara 35 a aiki, a ce ya tafi, ko da a lokacin ne ya gama ƙwarewa.

Nan ma fa ba a rabu da abin ba, ɓoye shi ake yi. Wanda ya haura 50 sai a ce masa ya fi ƙarfin aikin, kuma cikakken mafi ƙarancin albashi sai ɗan 21 zuwa sama. Amma wanda aka zalunta yana da kotun ma'aikata da zai kai ƙara.

Tunda kuna shirin ɗaukar ma'aikata, Yaya, don Allah ka cire layin shekarun nan daga tallar, ka gwada kowa da aikin.