Lambar Benin 1897 ko ta Aro, wacce za ka ɗauka?

Ɗan uwa da ka tambaya kan lambobin yabo biyu na wani hafsan sojan ruwan Ingila da ka gani a gwanjo, ɗaya an rubuta Benin 1897 a ɗan ƙarfen da ke jikin ƙyallenta, ɗayar kuma Aro 1901-1902, to ga yadda suke.

Ta Benin ɗin ita ce East and West Africa Medal, azurfa ce, kan Sarauniya Biktoriya a gaba, bayanta kuwa hoton faɗa ne a cikin daji wanda suka ɗauko daga lambar yaƙin Ashanti na 1873 zuwa 1874. Ƙyallenta rawaya da baƙi. Ta Aro kuma Africa General Service Medal ce, a 1902 aka fito da ita, kan Sarki Edward na Bakwai ke jiki, ƙyallenta rawaya mai baƙin gefe da siraran layuka kore guda biyu.

Ni dai ta Benin zan ce, don wannan yaƙin na sojan ruwa ne tun daga tushe, Admiral Harry Rawson ya jagorance shi a watan Fabrairun 1897, suka ƙone birnin Benin, suka kwashe kayan tagulla da na hauren giwa da har yau ake ta fama a dawo da su, sarkin Benin ɗin, Oba Ovonramwen, kuma aka kai shi Kalaba ya rasu a can, wallahi abin da ciwo, in ka riƙe lambar nan shaida ce ka riƙe a hannunka. Yaƙin Aro kuwa, wanda Turawan Ingila suka yi da mutanen Aro na ƙasar Ibo, yawanci sojan ƙasa ne suka yi shi, 'yan ruwan da suka samu ba su da yawa, shi ya sa ta gaske take wahalar samu kuma masu haɗa jabu suke sonta.

Amma fa kar ka biya sai ka juya gefen lambar, nan ake buga sunan mutum da muƙaminsa da jirginsa. In ka ga alamar an goge an sake rubutu, bar ta. Sunan kuma a duba shi a rajistar lambobin sojan ruwa da ke gidan adana takardun Birtaniya a Kew, jerin ADM 171, a tabbatar wannan ƙarfen nasa ne, don ana cire na wata a maƙala wa wata.