Masu son fara rosemaling, kar ku sayi komai tukuna

Tun da 'yan uwa suka ga farantin katakon nan da na zana suke ta tambayata wai me mutum zai saya in yana so ya fara, to bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji. Sunan zanen rosemaling, na mutanen karkarar Norway ne, tun wajen 1700 har tsakiyar shekarun 1800 masu zane ke bin ƙauyuka gida gida suna yi wa akwatunan amare da akusa da bango har da silin ado da furanni da ganye masu lanƙwasa. Ni a nan Oslo na fara ganinsa ido da ido, a gidan tarihi na Norsk Folkemuseum da ke Bygdøy, na tsaya gaban wani tsohon akwati wallahi na kasa wucewa.

Maganar fenti ita ce ta farko, ko na mai ko akirilik mai ruwa, kuma ni dai na mai nake ba kowa shawara ba wani kwana-kwana. Zanen nan gaba ɗayansa a kan jan layi biyu yake, ɗaya kamar harafin C ɗaya kamar S, kuma so ake ka ja shi da numfashi guda ba ka ɗaga hannu ba. Fentin mai yana bin gashin buroshi sumul, kana iya ɗibo shuɗi a gefe ɗaya fari a ɗaya gefen su haɗe da kansu a kan katakon, sannan yana kai wuni guda bai bushe ba, in layi ya karkace sai ka sa tsumma ka share ka sake, wanda sabon hannu kuwa zai yi hakan sau ashirin a zama ɗaya. Da shi mutanen zamanin da suka yi yawancin aikinsu. Eh yana cin kwanaki kafin ya bushe a shafa banish, kuma tina tana da wari, a buɗe taga. Tsumman da ya sha man linsid kuma, wato man da ake sirka fentin da shi, dan Allah kar a dunƙule shi a jefa kwandon shara, yana iya kama wuta da kansa, a jiƙa shi da ruwa ko a shanya a waje. Kala shida sun isa, ga sunayen yadda za ku gansu a jikin tub: Prussian blue, yellow ochre, burnt sienna, raw umber, Venetian red da titanium white. Akirilik irin su Jo Sonja's ba laifi ga mai ƙananan yara a ɗaki, amma kafin ka gyara zama ya bushe, balle wanda ke gida lokacin hunturu.

Salo kuma kusan kowane yanki da nasa. Hallingdal manyan furanni ne da kala mai ƙarfi, dama da hagu iri ɗaya, Rogaland ma haka sai dai layukansa sirara a kan fenti mai duhu, kuskure kaɗan ido ya gani. Na Telemark shi ne nawa, shi ba a auna ɓangare da ɓangare, babban C ɗaya ake kafawa kamar saiwa sai rassa su yi ta fita daga jikinsa suna kewaya, kowane layi sai an iya binsa har ya koma tushe. Wanda ya iya Telemark ya iya jan layi, sauran za su zo. Duk wadda hannunta ya saba da zanen lalle ina ga nan za ta fi sakewa.

Yanzu ga abin da ya sa na ce kar ku sayi komai. Lokacin da zan fara, wani kwalin kaya na yi oda a intanet, wai komai da komai na mai koyo yana ciki, hotonsa gwanin kyau. Da ya iso buroshi goma ne a ciki amma ko ɗaya bakinsa ba ya tsini, gashi na zuba yana manne wa fenti. Farantin ɗanyen katakon pine ne mai ido-ido, bayan 'yan makonni ƙaro ya ɓullo ta cikin fentin ya yi tabo rawaya, gefensa kuma ya banƙare. Abin da ya fi min ciwo shi ne takardun zanen, na kwashe kusan wata biyu ina kwaikwayonsu da zuciya ɗaya sai da na nuna wa wata dattijuwa mai koyarwa ta ce min wannan kurbits ne, na yankin Dalarna a Sweden, irin adon da ake yi wa jan dokin katakon nan nasu. Shi ma sana'a ce mai daraja amma ba shi na biya ba, kuma ranar na yi baƙin ciki sosai. Don haka duk mai sayar da takardar zane da bai iya gaya maka ta wane yanki ce ba, ya dai rubuta "Scandinavian" ya yi shiru, rabu da shi.

Haka ma farantan da ake sayar wa baƙi a shagunan tsaraba, da yawa bugun inji ne ko sitika aka manna aka bi da banish, ga tsada. Ka karkata shi wajen haske, aikin hannu za ka ga sawun gashin buroshi, layi ya fara da kauri ya ƙare siriri, in ka shafa za ka ji tudun fenti. Ka ɗauki biyu ka haɗa, in sun zo iri ɗaya sak har ɗigo to inji ne. Ka juya bayansa ka nemi sa hannun mai zanen. Shekarar da aka rubuta a gaban akwati ma ba hujja ba ce, kowa na iya zana 1820 yau da safe. Mai koyo da ya ajiye jabu a gabansa yana kwaikwaya ɓata idonsa yake yi, shi ya sa nake ta nanatawa.

Abin saye na gaskiya kaɗan ne, buroshi biyu masu kyau, mai zagayen baki matsakaici da siririn mai dogon gashi na jan layi, ka jiƙa bakinsa a shago in bai dawo tsini ba ajiye musu. Sai alli na zana tsari, da kwali mai kauri da za ka shafe da fenti ka yi ta jan C da S a kai na makonni. Katako daga baya, busasshen basswood ko birch, a goge da samfefa a shafa fentin farko da za a yi zanen a kansa sau biyu.

Kuɗin da ya rage a kai wa malami. A Norway ƙungiyoyin masu sana'ar hannu na garuruwa, waɗanda ake kira husflidslag, suna shirya kwas, akwai kuma cibiyar koyon sana'ar hannu ta Raulandsakademiet a cikin Telemark ɗin kanta. Na Amurka suna da gidan tarihi na Vesterheim a Decorah, jihar Iowa, tun 1967 suke koyarwa kuma suna da aji ta intanet, a Amurkar ma wani mai zane ɗan Norway, Per Lysne ne, da ya yi ƙaura zuwa Stoughton a Wisconsin a 1907, ya farfaɗo da zanen a shekarun 1930. Bidiyon YouTube kyauta ne amma ba ya ganin hannunka. Ni dattijuwar nan a zaman farko ta kama min gwiwar hannu ta ce daga kafaɗa ake ja, ƙaramin yatsa ya dafa katako, a ranar na fara samun C mai kyau. In za ku yi rajistar aji ta intanet ku tambaya tukuna ko malamin zai duba hoton aikinku ya gyara, in an ce a'a kar ku biya.