Sharhi kan na'urar ECD da na auna wake da ita, da mutumin da ya ƙera ta

Jama'a barkanmu da warhaka. Dama na yi alkawari in na gama furojet ɗina zan zo in faɗi yadda na ga injin ɗin nan da aka auna min sampul da shi, saboda 'yan uwa ɗalibai masu kemistiri suna ta tambayata ko kuɗin da ake karɓa ya cancanta. Ya cancanta wallahi, amma ku tsaya ku ji dalili.

Aikina a kan ragowar maganin ƙwari ne a cikin wake, kun dai san yadda wasu 'yan kasuwa ke zuba fiya-fiya a buhu don gudun ƙwari, abin da ya sa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya. Na bi kasuwanni na sayo kofi-kofi, na niƙa, na jiƙa a sinadari na tace, sai da abin ya koma ɗan ruwa garai-garai a kwalba kamar ta turaren ɗan goma, sannan na kai wani lab mai injin GC, wato injin da ke rarrabe sinadaran da ke cikin sampul ɗaya bayan ɗaya, wanda aka haɗa masa na'urar ECD mai gano su in sun fito.

Ranar farko ko taɓa sampul ɗina ba a yi ba. Malamin da ke kula da injin ya ce sai ya kwana a kunne layin da ke kan sikirin ya miƙe sosai tukuna, kuma a daren aka ɗauke wuta janareto bai tashi da wuri ba, sai muka sake sabon lale. Washegari ya ɗauko wata 'yar sirinji siririya kamar tsinken sakace, ya zuƙi abin da ko ɗigo ɗaya bai kai ba ya tsira a bakin injin, muka zuba wa kwamfuta ido, layi na tafiya a kwance shiru shiru, can bayan wasu mintuna sai ga shi ya yi tsalle sama kamar an tsikare shi ya dawo. Ya ce min to ga abinki nan. Jikina sai da ya yi sanyi, don waken nan a ido fes yake, irin wanda za ki auna ki kai gida ki yi wa yara alala.

Shi ya yi min bayanin yadda na'urar ECD ɗin take aiki. A cikinta akwai ɗan ƙarfen nikel-63 mai fitar da tururin nukiliya kaɗan, shi ke sa iskar naitirojin da ke ratsawa ta ɗauki lantarki, to duk sinadarin da ke da kulorin a jikinsa irin su magungunan ƙwari DDT da lindane in ya zo wucewa sai ya wawure lantarkin nan, ƙarfin wutar ya ragu, raguwar ita ce tsallen da muka gani. Tana iya gano kashi ɗaya cikin tiriliyan.

Aibinta kuwa, ba ta faɗa miki sunan abin da ta gani, sai kin sayi asalin sinadarin kin tsira kin kwatanta lokacin fitowarsu, kuma shi ma tsada. Gas ɗin naitirojin dole ya zama mai tsafta ƙwarai, kwalba in ba ta wanku ba za ta nuna miki datti a matsayin sakamako, na yi asarar sampul biyu a haka. Sannan sinadarai da yawa da ba su da kulorin ko danginsa kusan ba ta ganinsu sam.

A wurin jiran nan ne malamin ya ce min ai mutum ɗaya ne ya ƙirƙiro ta a 1957, wani Bature ɗan Ingila James Lovelock, na koma gida na yi ta bin tarihinsa har dare ya raba. An haife shi 26 ga Yuli 1919, ya karanta kemistiri a Mancesta, ya yi kusan shekara 20 yana aiki da cibiyar binciken lafiya ta gwamnati da ke Landan, a 1961 NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta gayyace shi aikin na'urorin binciken sararin samaniya. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne a 1964 ya zaɓi ya zauna da ƙafafunsa, ya koma ƙauyen Bowerchalke ya mai da gidansa lab, yana ciyar da iyali da bincikensa da kuɗin ƙere-ƙere da shawarar da yake ba kamfanoni. Ni da na kwashe wata da watanni ina bin layin injin ɗin wasu, na san darajar mutum ya iya ƙera kayan aikinsa da hannunsa.

Da wannan na'urar ya shiga jirgin ruwa mai suna Shackleton a 1971 zuwa yankin Antatika bayan an hana shi kuɗin bincike, yana ɗibar iska a hanya yana aunawa, ya tarar da gas ɗin CFC na firji da gwangwanin feshi ko'ina har tsakiyar teku inda babu masana'anta ko ɗaya. A rahotonsa na 1973 ya ce gas ɗin ba shi da wani haɗari, kuma nan ya yi kuskure babba, don a 1974 wasu masana kemistiri biyu, Molina da Rowland, suka nuna shi ke cinye iskar ozon da ke can sama tana kare mu daga zafin hasken rana, har aka kai ga yarjejeniyar Montiriyal ta rage amfani da gas ɗin a 1987. Daga baya ya fito fili ya amsa cewa ya yi kuskure, wannan ya ƙara masa girma a idona sosai.

An fi saninsa da ra'ayin Gaia wanda suka gina da masaniyar ilimin halittu Lynn Margulis, cewa masu rai da iska da teku da ƙasa suna aiki tare suna daidaita yanayin duniya. Masana da yawa sun yi masa ca a kai, ni ma ban gama gamsuwa da duka ba, haka goyon bayan da ya ba tashoshin nukiliya har yanzu ina auna shi a raina. Amma na'urar dai babu gardama a kanta, na gani da idona. Ya rasu 26 ga Yuli 2022, ranar da ya cika 103 cif.

Wanda zai je ya yi awon nan don Allah ya wanke kwalabensa da kansa, ya tambaya tun farko ko lab ɗin na da sinadaran kwatance na magungunan da yake nema kafin ya biya, kuma ya ware sati biyu ba kwana biyu ba. Ni in Allah ya kai mu wata mai zuwa zan koma da busasshen kifi, malamin ya ce in zo da sassafe kafin layi ya taru.