Shafin bin salsala da na biya wa kuɗin wata: abin da ya samo mini game da kakan babanmu soja

Mu da muka gaji zaman Ikko tun kaka da kakanni, da yawanmu in an tono tushen gida sai a tarar da soja. Namu kakan babanmu ne. Abin da muka tashi muna ji shi ne ya yi aiki a rundunar da Baturen Ingila John Glover ya kafa a Legas a 1863, wadda aka riƙa kira Hausawan Glover, kuma ya je yaƙin Ijebu da na Kumasi. Shi ya sa na yi rajista da wani shafin intanet na bin salsala, irin wanda ake biya da dala duk wata. A gani na ya ci kuɗinsa na wata guda, amma kada kowa ya biya na shekara.

Shafin don Turawa aka yi shi. Da ka shiga zai nemi sunan dangi da ranar haihuwa da takardar aure, mu kuwa mutumin da muke nema ko shekarar haihuwarsa ba a rubuta ba. Jadawalin iyalin ma bai san gidan mata huɗu da 'ya'yan riƙo ba, sai da na yi ta dabara kafin ya karɓi kishiyoyin kakata. Kullum kuma sai ya turo mini saƙo wai ya gano mini ɗan'uwa a Amurka.

Inda ya yi rana shi ne hotunan kundin lambobin yabo na sojan Ingila, waɗanda asalinsu ke ajiye a ma'adanar takardu ta Kew a Landan. Amma akwatin bincike ba zai kai ka ba sai ka rubuta yadda akawun wancan zamani ya rubuta: Houssa a maimakon Hausa, Jebu a maimakon Ijebu. Ni dai daga baya na bar akwatin, na zauna ina buɗe shafi bayan shafi a kwamfuta, don a waya rubutun hannun ba ya karantuwa. Layi ne a jere, lambar soja, muƙami, suna. Kuma sunan kusan duk ɗaya ne: sunan yanka sai sunan gari, wane Kano, wane Katsina, wane Zariya. A kundin 1892, shekarar yaƙin Ijebu, na tarar da mutum uku masu sunan kakanmu da garinsa.

Nan na kwashi kwamfutar na nufi Agege wurin Goggo, yayar babanmu, wadda ta tashi a hannun matar sojan ta ƙarshe. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, “Kai ɗan nan, ai shi ba farabiti ba ne, igiya biyu gare shi. Inna ta ce har ya rasu Kofur ake ce masa.” Cikin ukun nan kuwa kofur ɗaya ne tak. Ban ce hujja ce da za ta tsaya gaban alƙali ba, amma ta ishe ni. Ta kuma gaya mini abin da babu kundin da zai rubuta: tsagar fuskarsa ba ta Kanawa ba ce, kama shi aka yi yana yaro aka sayar da shi kudu, ya gudo Ikko ya shiga soja. Wannan ya dace da tarihi, don da yawa daga cikin mutanen Glover bayi ne da suka tsere wa iyayen gijinsu, kuma ba dukansu ne Hausawa ba, akwai Nufawa da Barebari da Yarabawa. Garin da ke jikin sunan soja sau da yawa inda ya ce ya fito ne kawai.

Da lambarsa ta soja a hannu sai yaƙin ya daina zama tatsuniya. A watan Mayun 1892 ne Gwamna Carter na Legas ya tura runduna ƙarƙashin Kanar Scott, saboda Ijebu sun riƙe hanyar fatauci tsakanin Legas da Ibadan suna hana wucewa. Ta ruwa aka bi zuwa Epe, aka gwabza a Imagbon bakin kogin Yemoji, bindiga mai ruwan harsashi ta yi ɓarna, aka shiga Ijebu-Ode. Maƙwabcina a kasuwa mutumin Ijebu ne, har yau ban gaya masa ba.

Batun Kumasi shafin bai warware mini ba. Sau uku sojan Ingila suka je garin, 1874 da 1896 da 1900, kuma shekarunsa sun nuna ba na farkon ba ne. Takardun mulkin Legas na lokacin suna ma'adanar takardu ta ƙasa da ke cikin Jami'ar Ibadan, ba sa kan shafin, can zan nufa bayan Sallah. Wanda zai gwada, ya fara zama da tsofaffin gida ya rubuta muƙami da laƙabi da sunan yaƙin da aka je, sannan ya biya. Ya kuma tuna ya kashe sabunta rajista da kansa, in ba haka ba wata na kamawa za a sake cirar masa dala a kati.