Sifirin mota ko ƙarfe 1084, wanne ya dace da wuƙar farko?

Ɗan'uwa, ka ce kana son ƙera seax, wuƙar nan mai baki ɗaya ta mutanen Ingila na dā, kana tambaya ko tsohon sifirin mota zai yi, ko kuwa ka nemi sabon ƙarfe mai lamba 1084. Ni dai 1084 na zaɓa maka.

Dalilina shi ne ka san abin da ke hannunka. Kabon da ke cikinsa wajen kashi 0.84 cikin 100 ne, kuma ba ya buƙatar dogon zama a wuta kafin ya karɓi ruwa, wato a tsoma shi da zafinsa ya yi tauri. Ka ajiye maganaɗisu kusa da maƙera. Da zarar ƙarfen ya daina kama shi, ya kai digiri 770 a ma'aunin Salshiyas, sai ka ɗan ƙara wuta ya kai wajen 815, ka tsoma shi a mai mai ɗumi. In ya huce, goga magagari a bakinsa: idan ya zame bai ci ba, ya yi tauri. Daga nan ka gasa shi a digiri 200 sau biyu, kowanne kamar awa biyu, don kada ya karye kamar gilashi.

Sifirin kuwa caca ce. Da yawansa ƙarfe 5160 ne, mai kabon kusan kashi 0.6 da ɗan kuromiyam, amma ba kowane kamfani ke amfani da shi ba, kuma babu rubutu a jiki. Ga shi ya sha shekaru yana lanƙwasa ƙarƙashin kaya, sau da yawa da tsagewar da ido ba ya gani, sai ka gama wahalar masaba ka tsoma a mai, ka ji ƙas! Yana da taurin kai a kan uwar maƙera, hannu na jin jiki.

Kada dai a raina shi. Wajen jure sara ya fi 1084, shi ya sa maƙeran Nefal ke ƙera wuƙarsu ta gargajiya, kukri, da shi. Idan doguwar seax kake hari, irin wadda ake kira ta Beagnoth, da aka tsamo daga kogin Tems na Ingila a 1857, mai tsawon kusan santimita 72, to 5160 ya cancanta, amma sabo.

Batun kama da na tarihi, dukansu biyu ba su kai ba. Maƙeran wancan zamani kan haɗa tattausan ƙarfe a gadon baya da mai tauri a baki, su like su a wuta, domin ƙarfe mai kyau tsada gare shi. Wannan aikin gaba ne.

In sifirin ne kawai ke gare ka, yanki guntu tukuna, ka ba shi ruwa, ka karya shi a matsi da tabarau a idonka. Idan cikin ya fito sumul, launin toka, ci gaba. In ya yi tsakuwa-tsakuwa, wutarka ta yi yawa.