Manhajar kama layi mai lambar rangwame: wacce zan ce ki saka a shagonki

Tun bayan ƙaramar sallah mata ke ta tambayata a waya, Anti wace manhaja kike amfani da ita ne da mutum zai kama layin lalle ya biya tun daga gida, kuma ya ake yin wannan lambar rangwamen da kike sakawa a sitatus? To bari in yi bayani sau ɗaya kowa ya huta, ni dai shagon lalle da gyaran jiki gare ni a wajen Zoo Road, ba injiniyar kwamfuta ba ce, abin da na taɓa da hannuna shi zan faɗa.

Yadda kupon ɗin, wato lambar rangwamen da muke ce wa kod, yake aiki ba wani abin wahala ba ne. Ke mai shago za ki ƙirƙiri wata kalma, misali SALLAH20, ki gaya wa manhajar duk wadda ta rubuta ta lokacin kama layi a rage mata kaza. Ragin iri biyu ne, ko kaso cikin ɗari ko tsayayyen kuɗi. Lallen amarya na ₦40,000 in kin sa kashi 20, dubu takwas ta tafi. In kuma ₦2,000 kika sa tsayayye kika manta ba ki ware ayyukan da ya shafa ba, mai kitson ₦3,000 ma za ta saka ta biya ki dubu ɗaya, ki zauna awa biyu a kanta bayanki na ciwo.

Ni abin da ya ƙona ni, wata manhaja ce da na fara da ita, ba zan kama suna ba. Na yi kod don tsofaffin kwastomomina su goma sha biyar, ashe babu wajen iyakance yawan amfani. Ɗaya ta tura guruf ɗin 'yan ajinsu, daga nan sai guruf ɗin adashe, kafin in idar da sallar isha'i layin jajiberin sallah ya cika maƙil da mutanen da ban taɓa gani ba, kowa da ragi, su kuma waɗanda na yi dominsu ba su samu wuri ba. Wata Hajiya da ta shekara shida tana zuwa wajena ta kira ta ce "haba 'yar nan, yanzu ni ce zan nemi layi in rasa?" Wallahi kunya kamar ƙasa ta tsage. Shi ya sa yanzu ko wace manhaja aka kawo min ba na kallon kyan fuskarta, tambayata ita ce sau nawa kod zai yi aiki gaba ɗaya, sau nawa mutum ɗaya zai saka, ranar da zai mutu, da kuma wane aiki ya shafa.

Wadda na tsaya a kanta ita ce Amelia. Ba manhajar waya ba ce da za ki sauke kawai, a kan shafin da aka haɗa da WordPress, manhajar gina shafin intanet, ake ɗora ta, wato sai kina da shafin intanet naki, kuma kupon yana cikin wadda ake biya ne, da dala. Na san wannan zai kori wasu amma ku tsaya. A wajen haɗa kupon akwai gurbin kaso, akwai na tsayayyen kuɗi, akwai iyakar yawan amfani, akwai iyakar da kwastoma ɗaya ba za ta wuce ba, kuma ke za ki zaɓi ayyukan da kod ɗin zai hau. Ni nakan cire lallen amarya da dilka gaba ɗaya daga kowane ragi, don kayan haɗin kaɗai sun ishe ni. Babban abin da ya ja ni kuma shi ne tana haɗuwa da WooCommerce, abin saye da sayarwa na shafin WordPress, shi kuma WooCommerce yana karɓar Paystack, kamfanin da ke karɓar miki kuɗi ta intanet, to kin ga kwastoma ta biya da naira, ko da kati ko tiransfa ko USSD. Paystack na cire kashi 1.5 da ₦100 a kai, ba sa cire ɗarin in kuɗin bai kai ₦2,500 ba, kuma duk yawan kuɗin ba sa wuce ₦2,000. A misalin amaryar nan ta ɗazu da ta biya ₦32,000 bayan ragi, ₦580 ce tasu, ki sa wannan a lissafi tun kafin ki yi alƙawarin kashi 20. Abu ɗaya dai, WooCommerce ma yana da nasa kupon ɗin, ki sa a kashe shi a saitin, kar ki bar ƙofa biyu a buɗe mai wayo ta ci ragi nan ta ci can.

Sauran fa? Bookly ma ta WordPress ce, tana da kupon amma ƙari ne da ake saya daban bayan kin sayi babbar, abin ya zama kamar cefane. Acuity Scheduling ta kamfanin Squarespace tana da kupon mai kyau, sai dai dala duk wata, biyan kuɗinta kuma Stripe da Square da PayPal, wace kwastoma ce a Kurna za ta biya kuɗin lalle da PayPal? Calendly ta Tope Awotona ce, haifaffen Legas da ya kafa ta a Amurka a 2013, muna alfahari da shi amma ta 'yan ofis masu mitin ce. Fresha an yi ta don masu salun, suna yankar kamasho a sabuwar kwastomar da ta zo ta kasuwarsu ta intanet, ni kuwa nawa daga biki da suna suke zuwa.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Akwai yara masu haɗa shafi da za su ce miki Anti kawo dubu kaɗan in saka miki Amelia ta har abada. Ta sata ce, fasassa, ba ta karɓar sabuntawa, wasu ma da mugun abu a ciki, ranar da ta tsaya babu wanda za ki kai wa kuka. Ki ce lasisin da imel ɗinki za a saya, sunan shafin ma da sunanki za a yi rajista, akawun ɗin Paystack kuma na bankinki, kar ki yarda da "bari in sa nawa tukunna".

Sai masu ɗaukar hotunan lallenki su buɗe shafi a Facebook ko TikTok da suna mai kama da naki, su ce rangwamen rabin kuɗi, a tura kafin alƙalami a wannan akawun a karɓi kod. Mata biyu sun taɓa zuwa min da kod ɗin da ban san shi ba, har da rasit, ɗaya da kuka don kuɗin ankon ƙanwarta ne. Ba a sayen kod, kyauta ake ba da shi, kuma in bai yi aiki a shafin mai shago ba to ƙarya ne. Alat na bogi ma yana nan, hoton rasit ba kuɗi ba ne, in manhaja ba ta nuna an biya ba layi bai kamu ba, ko da ƙanwar mijinki ce.

Sannan kwastomomin kansu, Allah ya shirye mu. Iyakar mutum ɗaya yawanci da imel manhaja ke gane ta, yarinya za ta buɗe imel uku ta ci ragin sabuwar zuwa sau uku, fuskar dai ita ce. Abin da nake yi yanzu, kowace tsohuwar kwastoma kod ɗinta daban, sau ɗaya yake aiki, ina tura mata ta WhatsApp ita kaɗai, na sitatus kuma mutum ashirin na farko ne kuma Litinin zuwa Laraba da shago ke zama shiru. Satin sallah kam ko sisi ba na ragewa, layin ma da kyar yake isa.