Wurin allurar gyaran fuska a Lekki: suna tambayar rigakafi, amma ba sa ba da takarda

Wannan asibitin gyaran fata na Lekki, wanda matan Agege da Idi-Araba ke zuwa gab da biki ko Umara, ya cancanci yabo kan tambayar da suke yi kafin su taɓa fuska: "Hajiya, kin yi allurar rigakafi kwanan nan, ko kina shirin yi?" Wurare da yawa ba sa yin ta.

Filar da ake cika leɓe da kumatu da ita yawanci sinadarin hyaluronic acid ce. Jiki na zaune da ita lafiya, amma idan rigakafi ya tayar da garkuwar jiki, wani lokaci sai ta far wa filar. Wurin ya kumbura, ya yi ja, ya yi tauri, kwana ɗaya ko biyu bayan allurar rigakafin, ko da filar ta kai wata shida. An ga haka a jikin mutum 3 a gwajin rigakafin korona na Moderna a 2020, kuma duk ya sauka. Mura mai tsanani da aikin haƙori ma kan jawo shi. Ba kasafai yake faruwa ba.

Ƙa'idarsu mako 2 tsakani, kafin rigakafi da bayansa. Mai zuwa Saudiyya da dole ta yi allurar sanƙarau aƙalla kwana 10 kafin shiga, ita ake fara yi, fila ta jira. Wannan daidai ne, ba a ɗaga rigakafi saboda kwalliya. Botox kuwa tsoka yake kwantarwa, ba ya zama a ƙarƙashin fata kamar fila, don haka ba a san shi da wannan kumburin ba.

Idan kumburi ya zo, suna fara da maganin alaji, sai steroid na 'yan kwanaki a hannun likita, in ya ƙi su narkar da filar da hyaluronidase, kuma suna da shi a ajiye. Kar a je kemis a sayi steroid irin su prednisolone a sha da ka. Fatar da ta yi fari da zafi mai tsanani jim kaɗan bayan fila wata matsala ce daban, jijiyar jini ce ta toshe, a koma nan take.

Inda suka gaza: ba sa rubuta wa mutum sunan filar, lambar kwali da ranar da aka yi, kuma wayarsu ba ta shiga da dare. Mai zaune a Agege, ga cunkoson gadar Third Mainland, likitan kusa za ta fara gani, shi kuwa sai ya san abin da ke fuskarta. Ki nemi kwalin, ki duba lambar NAFDAC, ki ɗauki hotonsa kafin ki tashi daga kujera.